Bari Hukuma Ta Ɗanɗana

Ranar wata Alhamis ce, kwana biyar bayan Babbar Sallah, a shekarar da nake aji huɗu a firamare, na yi aika-aikar da ta hana kakata cin tuwon gidanmu har sati biyu cur. A Hayin Banki muke a lokacin, cikin wani gidan haya mai ɗaki takwas da rijiya ɗaya a tsakiya, kuma duk gidan mu kaɗai ke da talabijin. Tunda Alhamis ce babu makarantar allo, ana idar da la'asar Mama ta sa na share tsakar gida na shimfiɗa tabarmi, aka fito da akwatin aka ɗora kan teburin guga, aka ajiye batirin mota a gefe ko da za a ɗauke wuta. Kafin ƙarfe biyar gida ya cika maƙil. Matan maƙwabta da goyonsu, yara a kan katanga kamar ƙadangaru, har mai rake ya jingine baronsa a zaure ya leƙo. Duk taron nan don mutum ɗaya aka yi shi, wato Kofur Lado, gandiroban wani wasan kwaikwayo da ake nunawa duk Alhamis. Kofur Lado kuwa ba wani ba ne, ubana ne.

Wanda ya san Baba a shagonsa ba zai taɓa yarda ba. Tela ne a bakin titin da ke fita Kawo, mutum mai sanyin magana, wanda ko ƙyalle mai faɗin tafin hannu ya rage a ɗinki sai ya naɗe ya mayar wa mai shi. Ba ya faɗa, ba ya zaman majalisa, abinci ma ba ya zaɓe, in ban da kaza da ko romonta ba ya sha, mu kuma muka ɗauka ƙyanƙyami ne kawai. Amma da zarar ya sa kakin nan, ya manna gashin baki, ya cusa matashi a ciki ya yi tumbi, ya karkace hula, sai ya zama wani taƙadari. A wasan, ƙofar gidan yari yake tsaro, inda dangin fursunoni ke kawo abinci. Ƙa'ida ita ce mai kawo abinci ya ɗanɗana a gaban gandiroba, a tabbatar ba a sa wani abu ba. Shi Kofur Lado sai ya juya ƙa'idar. Zai buɗe kwano, ya tsoma bakin kulkinsa cikin miya, ya yi ta juyawa har ya taɓo nama, sannan ya ɗaga ido sama kamar mai addu'a ya ce, "Bari hukuma ta ɗanɗana." Ya tsince naman tas, ya lashe yatsu, ya miƙa wa fursuna ruwan miya. Mutane su yi ta dariya har da riƙe ciki.

Maganar nan ta bi gari. A makarantarmu, in an fita tara, ba ka isa ka buɗe ɗanwakenka a fili ba, sai wani ya zo da rula ya tsoma ya ce hukuma za ta ɗanɗana. Kwandastoci na faɗinta, masu tsire na faɗinta, mu 'yan mata ko tuwon ƙasa muke yi a bayan gida sai an naɗa wata Kofur. Ni kuwa kaina ya kumbura. Ni ce 'yar Kofur, mai awara tana ƙara mini ɗaya, a 'yar gala-gala ko na taka layi ba mai cewa na faɗi.

Kakata, wadda muke kira Iya, ta zo mana Sallah ne daga ƙauyensu a ƙasar Katsina, kuma ran nan ne karo na farko da ta ga ɗanta a akwatin. Sunanta aka sa mini, shi ya sa kowa ke ce mini Ummi, ita kuma ta ce mini takwara. An ba ta kujera 'yar tsugunno a gaba, tana jan carbi. Da Kofur ya tsoma kulki gida ya ɗauki shewa, na waiwaya in ga dariyarta, sai na ga ko murmushi babu, carbin ma ya tsaya. Na ce a raina tsohuwa ba ta gane ba ne, bari in an jima in nuna mata da kyau. Bayan magariba Mama ta kwashe tuwon masara miyar kuɓewa, ta zaɓi tsoka biyu masu laushi cikin soyayyen naman layya ta sa wa Iya. Ni kuma da iyayi na cusa ɗankwali a riga na yi tumbi, na ɗauko maburgi a madafi, na tako ina gwale ƙafa, na tsoma a miyar kakata, na ɗaga ido sama na ce, "Bari hukuma ta ɗanɗana." Na ɗauke tsoka ɗaya na jefa a baki. Duk gida aka kwashe da dariya, har Baba da shigowarsa ke nan daga masallaci. Iya ta dube ni, ta dubi ɗanta, ta ja faifai ta rufe kwanon, ta wanke hannun da ko loma bai kai ba, ta ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Wasa-wasa sai ga magana ta zama babba. Washegari ta ƙi kunu da ƙosai, da rana ta ƙi shinkafa, da yamma ta ƙi tuwo. Ta kwance ƙullin geron da ta zo mana da shi tsaraba, ta ɗora mini na kai inji, ta jera duwatsu uku a bayan ɗaki tana dama ɗan kokonta da kanta, ko sukarin gidan ba ta sawa. Tsohuwa mai shan maganin hawan jini, a ce koko tsura safe da yamma! Hankalin Mama ya tashi, ta ce yanzu in wani abu ya sami matar nan a hannunta da wane ido za ta dubi dangin miji. Ni na fara kwasar rabona, ta murɗe mini kunne ta tura ni in ba da haƙuri. Na durƙusa na bayar. Iya ta shafa kaina ta ce, "Ba ke ba ce, takwara." To in ba ni ba ce, wa? Haka na koma 'yar aike, sau uku a rana in kai kwano in dawo da shi yadda na kai shi, ga ɗiban ruwa, ga wanke-wanke, ga tafiya inji, har na tsani ƙarar murfin kwanon nan.

Gida kuwa aka taru aka yanke hukunci cewa tsohuwa ta ɗauka gaske ne. Wai tana zaton ɗanta ya bar ɗinki ya shiga aikin gidan yari, kuma da abincin fursunoni ake ciyar da mu. Daga nan kowa ya zama malamin Iya. Mama ta yi bayani, matan gida suka yi layi suna yi, kowace da ƙarfi kamar da kurma take magana. Aka ɗauko Malam Habu, malaminmu na allo, wanda kullum yake ce mana kallon wasa ɓata lokaci ne alhali duk Alhamis muna hango rawaninsa a zaure, ya zo ya zauna ya yi ta jawo misalai. Iya ta ce, "Allah shi saka, Malam." Baba ya je tashar Kawo ya taho da Bala direba, wanda ke fitowa a fursunan da aka fi cinye wa abinci, wani ƙato mai wuya ninki uku. Ya cika ƙofar ɗaki ya ce, "Iya, don Allah dube ni da kyau, na yi kama da wanda ake cinye wa nama?" Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Allah shi ƙara lafiya." Bala ya cinye tuwon da ta ƙi, ya yi gyatsa ya tafi. Wallahi a kwanakin nan haushin kowa nake ji, amma na fi jin na Iya. Ina cewa wannan wane irin taurin kai ne, mutum goma su gaya maka abu ɗaya ka ƙi ji.

Alhamis ta zagayo ta ƙi fitowa kallo. Ranar Juma'a da hantsi ta sunkuya za ta ɗauki buta a bakin rijiya, jiri ya kwashe ta, ta zube kan bokitai. Aka kama ta aka kai ɗaki. Da Baba ya dawo masallaci ya ji, bai ko cire babbar riga ba, ya jawo jakarsa ta wasa ya durƙusa a ƙofar ɗakin, ni ina ciki ina yi mata fifita. Ya zazzage komai a gabanta, ga gashin baki, ga matashi, ga kulkin da ashe ma icen dalbejiya ne aka shafa wa baƙin fenti. Ya ce, "Iya, ki duba. Duk ƙarya ce. Wasa ne, don girman Allah, wasa ne."

Ta yunƙura ta zauna. Da yake ɗan fari ne ba ta kiran sunansa, sai ta ce, "Kai, ka ishe ni da wasa ne, wasa ne. An ce maka jaka ce ni? Tun ba a haife ka ba nake kallon 'yan kama suna barkwanci a kasuwa. Na san wasa ne. Shi ya sa."

Fifitar ta tsaya a hannuna. Nan na ji labarin da ba a taɓa gaya mini ba. Ashe kakana, mijinta, an taɓa ɗaure shi wata huɗu a kan rikicin iyakar gona. Kaza ɗaya gare ta a duniya, ta sa aka yanka, ta dafa, ta ɗauko a kai tun asuba, a ƙafa, daga ƙauye zuwa birni, Baba yana ɗan shekara bakwai yana bin ta a baya. Tun a hanya yake roƙon ta ba shi cinya ɗaya, har ya kai hannu ta buge, ta ce ta ubanka ce. Suka isa ƙofar gidan yari rana ta take. Gandiroban da ke wurin ya karɓi akushin, ya ɗauki kulkin da yake kankare taɓon takalminsa da shi, ya tsoma a ciki. Ya faɗi maganar nan, ita ɗin dai, ba ragi ba ƙari. Ya cinye kazar a gabansu yana watso musu ƙashi. Kakana ya fito da tari, bai ga damina ta gaba ba.

Ta ce, "Shi ne ka tono mutumin nan, ka wanke shi tas, ka sa duniya na son shi, yara na kwaikwayon shi, har ka sanya shi a bakin takwarata, a cikin kwanona?"

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, ni ma fa ina wurin."

Ta ce, "To tunda kana wurin, haka aka yi? Dariya muka yi?"

Baba ya tattara kayansa ɗaya bayan ɗaya ya mayar a jaka, ban da matashin, wanda ya bari nan ƙasa.

Asabar ce ranar ɗaukar wasa. Da sassafe ya sa aka yanka kaza, ni na fige ta, Mama ta yi mata dahuwar da ƙamshi ya kai har zaure. Sai ya ce in sa tsohuwar rigata, yau da ni za a je, za a nuna ni a talabijin, kuma in an gama cinya tawa ce. Don murna ko karyawa ban yi ba. Da muka isa sai na ga ashe gidan yarin da ke ba mu tsoro falanki ne aka zana wa duwatsu, ƙofar ma wani ne ke tokare ta da ƙafa daga baya kar ta faɗi. Ba a ba 'yan wasan rubutu, mai shirya wasan yakan faɗi kan labari ne kawai, kowa ya zuba nasa. Baba ya ja shi gefe suka yi magana, aka haɗa ni da wata mata da ban taɓa gani ba, aka ce ita ce uwata, in riƙe gefen zaninta kawai, kar in kalli na'ura. Daga hantsi har bayan azahar muna jira a ƙarƙashin fitilu masu zafi, kwanon kazar yana gefena, cikina yana ƙugi.

Da aka zo kanmu, Kofur Lado ya fito ba tumbi, ba gwale ƙafa, hula a daidai. Ya karɓi kwanon bai ko amsa sallamar matar ba. Ya ɗaga ƙafa ya kankare ƙasan takalminsa da kulki, ya tsoma shi a miyar da na ga Mama ta ɓata safiya a kanta. Bai ɗaga ido sama ba. Ni ya kalla, irin kallon wanda bai taɓa ganina ba, ya ce a hankali, "Bari hukuma ta ɗanɗana." Ya ɗauki cinya ya fara ci. Mutumin da ko romon kaza ba ya sha! Na ce a raina ba komai, ai biyu ce, ɗayar tawa ce. Ya gama ya yar da ƙashi, ya ci ƙirji, ya ci fiffike, ba sauri, ina jin ƙarar taunarsa. Sannan ya kai hannu kan ta biyun. Na manta da na'ura, na manta da fitilu, na saki zanin matar na ce, "Baba, ka ce fa tawa ce!" Ya gatsa, ya tauna, ya haɗiye, ya jefo ƙashin gaban ƙafata ya ce, "Babanki na ciki, yarinya." Na fashe da kukan da ba wanda ya koya mini, kuma ba wanda ya ce a tsaya.

Da aka tashi na neme shi na rasa, sai can bayan ginin na same shi durƙushe a bakin kwata yana ta kwara amai. Ban tausaya masa ba ko kaɗan, gaskiya ke nan. A hanyar gida ya tsaya a Kawo ya saya mini tsire, na ƙi karɓa, na juya masa ƙeya a mota har muka sauka.

Ranar Alhamis gida ya fi kullum cika, don an ji 'yar Kofur za ta fito. Baba ya roƙi Iya ta fito kallo, ba ta ce masa e ko a'a ba, amma da aka fara sai ga ta tsaye a ƙofar ɗaki ta dafa bango, duk ta zabge. Kofur na fitowa aka fara shewa, yaran kan katanga har sun ɗauko maganar za su taya shi faɗi. Sai dariyar ta riƙa raguwa, ta koma ɗaya-ɗaya, ta mutu. Kana jin kukan awaki a gidan baya. Da ƙashin nan ya faɗo gaban ƙafata, wata maƙwabciyarmu ta ce, "Allah ya isa!" da ƙarfi, ta manta mutumin yana zaune a bayanta. Aka gama ba wanda ya motsa. Iya ta daɗe tana kallon akwatin, sannan ta gyaɗa kai ta ce, "Haka aka yi." Ta juyo gare ni ta ce, "Takwara, akwai sauran tuwo?" Mama ta kusa faɗuwa wajen gudu madafi. Malmala ɗaya da rabi Iya ta tashi da ita, Baba yana zaune nesa kaɗan yana kallon hannunta.

Abin da ya biyo baya shi ne har gobe in na tuna raina ke ɓaci. Mutanen nan da suka shekara suna tafa wa ɓarawon nama, suna ba shi hannu a titi, suna koya wa 'ya'yansu maganarsa, rana ɗaya da aka nuna musu shi yadda yake sai suka juya wa tela baya. Mata uku suka aiko a karɓo musu atamfofinsu ba a ɗinka ba, wai ba za su sa ɗinkin marar imani ba. Mai awara ta daina yi mini ƙari, a makaranta na tashi daga 'yar Kofur na koma 'yar mugu, ni da aka cinye wa kaza! Su fa ne masu cewa Iya ba ta san wasa ba. Aka yi ta aika ƙorafi gidan talabijin cewa an ɓata wa mutane nishaɗi, Bala direba ya zo har shago ya ce, "Ka kashe mana wasa, Kofur." Bayan sati uku aka ce a cikin labarin an yi wa Kofur Lado canjin wurin aiki, shi ke nan ba a sake ganinsa ba. Baba bai ƙara sa kaki ba. Iya ta yi wata biyu tare da mu tana cin tuwonta, ranar da za ta koma ta dafa kansa a tasha ta daɗe tana sa masa albarka, kuma shekara uku bayan nan ta rasu.

Yanzu ina Rafin Guza da 'ya'ya huɗu, kowa da waya a hannu, kowa da nasa kallon shi kaɗai a lungu, ba tabarma ba shewar maƙwabta. Mugayen cikin wasanninsu sun fi kowa kyan kaya da mota, ina ji yarana na kwaikwayon maganarsu, in yi ta faɗa su ce Mama ai wasa ne. Na taɓa zuwa neman kaset ɗin ranar nan don in nuna musu, aka ce an daɗe da ɗaukar wani abu a kansa. Baba yana nan Hayin Banki, ido ya yi rauni, sai an zura masa zare a allura, tsofaffin unguwa har yau Kofur suke ce masa. Bai sake cin kaza ba. Amma duk ranar da aka yanka ta a gidan, sai na ji ɗan acaɓa yana sallama da ƙaramin kwano ɗaure a ɗankwali, cinya biyu a ciki. Na yi mita har na gaji. Na ce Baba na girma fa, na kusa aurar da 'ya, ga kaji nan fal a gidana, kuɗin acaɓan ma ya isa sayen wata cinyar. Sai ya ce, "Ki ci dai, Ummi."

Duk mitar nan tawa, ban taɓa mayar da kwanon da komai a ciki ba, kuma ban taɓa raba ta da kowa ba.